Mai Agogo da Ramin Wata

"…lafiya ƙalau nake, sai takaicin mijin da ya ƙi mutuwa balle in samu in yi wani auren."

"Ki dai ce kin zo leƙen gado. Shigo, Tsinke, ƙofar a buɗe take. Mene ne kike ja a matakala haka, kamar an ba ki mushen jaki ki kai juji?"

Mai Agogo bai ga abin da jikarsa ke ja ba. Jinsa ya yi: abu ne mai tsawo a cikin kwali, yana dukan kowace matakala sau biyu. Ita kanta bai gan ta ba, sai wata doguwar inuwa da ta tare hasken ƙofa. Shekara arba'in da bakwai ya yi yana tonon cikin agogon mutane da ɗan gilashi maƙale a ido, yana ɗaukar ƙusar da ba ta fi ƙwayar yashi ba, yau ga shi fuskar 'yar ɗansa ta zame masa kamar fitila a bayan labule. Wata huɗu ke nan da likita ya gaya masa gaskiya: jijiyar ce, ba yana ba, abin da ya tafi ya tafi. Bai faɗa wa kowa ba sai Tela, maƙwabcinsa na ƙasan bene.

Dalilin ɓoyon kuwa ita ce. Wata jami'a a ƙasa mai nisa ta ba ta gurbin karatu na shekara huɗu a kan ramukan da ke jikin wata, kuma gobe ce ranar ƙarshe ta mayar da takardar amincewa. Ita kuma ta riga ta faɗa masa, ranar da ta ga ya tsiyaya shayi a gefen kofi, cewa in idon nan ya ƙara lalacewa babu inda za ta. Shi ya rene ta tun rasuwar ubanta. Ya san muryarta ta wasa, ya san wadda ba ta wasa ba.

"Madubin hangen nesa ne, Ango," in ji ta. "Na hannu na samu, wurin wani tsohon malami da ya bar aiki. Ba na gaya maka a waya ba? Yau za ka ga inda za a kai matarka. Gani ya kori ji."

Ta gaya masa kam, mako biyu da suka wuce. Tun daga ranar, kullum da la'asar sai ya lallaɓa ya sauka shagon Tela da takardun da ta taɓa bar masa, waɗanda ta rubuta a kan rami guda da take son nazari. Tela ya tsayar da keke ya karanta, shi kuma ya maimaita, har ya haddace ramin daga bakinsa zuwa gindinsa, kamar mai haddar hanyar gidan da bai taɓa zuwa ba.

"Madubi? Bututun magudana dai aka shafa wa fenti, aka ce ga wawiya ta zo. Kawo in ta…" Ya haɗiye sauran. "Kawo in gani."

Ta zare shi daga kwalin ta ɗora masa a cinya. Yatsunsa suka bi sanyin ƙarfen, suka tsaya inda ya kamata.

"Wanda ya taɓa kwance ƙusoshin nan da wuƙar kicin ya kwance su. Dubi yadda ya cinye musu kai. An cuce ki, yarinya."

"Ai tun ranar da aka ba ni kai aka cuce ni. Miji ba haƙori, ba gashi, ba mota."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Wannan zumar ai ta zama kwalta."

"Ke fa? Shekara ashirin da shida, iska na kaɗa ki kamar zanen shanya. Ko can kika je sai sun ɗaura miki dutse a ƙafa."

Agogan bango suka soma buga ƙarfe shida. Goma sha tara ne, wasu nasa, wasu na mutanen da suka kawo gyara ba su dawo ba har suka mutu. A da tare suke bugawa kamar bakin mutum ɗaya. Yanzu wannan ya fara, wancan ya biyo baya, na kusa da taga sai da kowa ya yi shiru sannan ya yi nasa tarin. Mai Agogo ya ji ta yi tsit tana saurare.

"Me ya sami yaranka, kowa da nasa lokacin?"

"'Yanci na ba su. Kin taɓa ganin gidan da mutum goma sha tara suka yarda da magana ɗaya?"

"Hmm," kawai ta ce. Wannan hmm ɗin bai yi masa daɗi ba.

"Wuce gaba," ya ce da suka fito hawa sama. "Ba na son mace a bayana a matakala. Ki ture ni ki ce tsautsayi ne."

"Wa zai ɓata ƙarfinsa a kan abin da ya kusa faɗuwa da kansa?"

Ta wuce da bututun a kafaɗa, shi kuma ya bi ƙarar takalminta, hannunsa a jikin bango kamar mai duba ko fentin ya bushe.

Saman benen nan ya san shi kamar aljihunsa. Tankin ruwa a dama, yana ɗiga a cikin tsohon bokiti. Igiyoyin shanya uku, ta tsakiyar ta fi sauran sauka, sai an sunkuya. Can ƙurya ga bulo da tarin yashi na ɗakin da mai gidan ya fara ginawa shekara shida da suka wuce ya bari. Rana ta faɗi, amma bangon bai saki ɗuminsa ba tukuna. Daga ƙasa ƙarar titi na tasowa: motoci, mai tallan wani abu, wata uwa tana kiran 'ya'yanta su shigo. Ya ji jikarsa ta baje ƙafafun madubin guda uku, ta murɗa wannan, ta ɗaure wancan, tana 'yar waƙa a hanci yadda ubanta yake yi in aiki ya kama shi.

"Ya ɗan wuce rabi," ta ce. "Daidai yadda nake so."

"Rabin wata kika hawo da ni in gani? Ko a sama sai kin yi min rowa?"

"In ya cika ba a ganin komai, ƙyalli ne kawai kamar sanƙonka. Sai rana ta bugo shi ta gefe, kowane tudu ya ja inuwarsa. Ramin nawa yau yana daidai bakin duhu, inda gari ke wayewa a can."

"Wato can asuba, nan magariba."

"Ashe da sauran ƙwaƙwalwa. Zauna a bulon nan. Na saita maka shi a tsakiya."

"Ina ake sa idon? Abin naki baki biyu gare shi kamar munafuki."

Ta kama kansa da hannu biyu ta sunkuyar da shi. Tafin hannunta da sanyi. Ya rufe idon hagu, ya ɗora na dama, idon da ya ci da shi ya sha da shi, ya aurar da 'ya da shi.

Haske ya gani. Fari, mai laushi, kamar madara a kofin gilashin da ba a wanke ba. Babu baki, babu tudu, babu inuwa. Ya tsaya a haka ɗan lokaci. Sannan ya yi gyaran murya.

"Af! Wannan ne? Wannan kwano ne za ki bar mijinki dominsa?"

"Me ka gani?"

"Rami, mana. Bakinsa ba da'ira sosai ba, yana da ɗan kusurwa-kusurwa kamar kan noti. Wanda ya haƙa bai iya aiki ba."

"Ba haƙa shi aka yi ba. Dutse ne ya faɗo daga sarari, girman wani gari."

"Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Wannan dai ya yi ɓatan kai, ya faɗa gidan maƙwabta."

Ta yi dariya, dariya ta gaske.

"Cikin fa?"

"Bangon cikin hawa-hawa ne, kamar matakalar gidan nan, sai dai ta fi tamu gyara. Ƙasa ce ta zame bayan dukan, ta tsaya daki-daki. Gefen da rana ta bugo fari tas. Ɗaya gefen baƙi ƙirin, inuwa ta kwanta har rabin gindin."

"Faɗinsa fa, malam masani?"

"Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Zai yi kilomita casa'in. Zurfi kuma kusan huɗu. In aka jefa ki, sai kin gama ƙorafinki kaf kafin ki kai ƙasa."

"In aka jefa ka kai kuwa sai ramin ya tofo ka. Sai me?"

"Ga tuddai a tsakiya, kai uku, sun leƙo daga cikin duhu rana ta taɓa musu ƙoƙuwa. Ƙasar ce ta yi tsalle ta dawo bayan dutsen ya dake ta, kamar yadda ɗigon ruwa ke tasowa in an jefa tsakuwa a randa, sai ta sandare a haka."

A nan ne hasken ya fara ja baya. Ya matsa gefe, ya tsuke, ya zama siriri, sannan babu. Mai Agogo bai ɗaga kai ba. Haka idon ke yi masa kullum in yamma ta yi: ya ba shi ɗan haske, ya gaji, ya janye. Ya saba. Ya ƙara danna goshinsa a jikin madubin, ya ɗaga murya don kada ta ji komai a cikinta.

"Kewayensa kuma, tirƙashi. Fili ne baƙi shimfiɗe, wanda mutanen da suka ɗauka teku ne, alhali ko ruwan wanke ido babu. Narkakken dutse ne ya malala ya daskare. Ta arewa ga layin duwatsu kamar haƙoran zarto. Ta kudu ga wasu ƙananan ramuka biyu manne da juna, sak ramin makullin agogon bango. Da ina da makullinsa da na ɗaure watan nan, ya daina makara."

Ya ci gaba, idonsa na manne da madubin.

"Ta gabas kuma ga wani tsohon rami da narkakken dutsen ya cika shi maƙil, bai bar masa komai ba sai alamar zobe. Na san abin da za ki ce. Za ki ce wannan ni ne. To faɗi, ina jin ki."

Bokitin tanki ya karɓi ɗigo ɗaya, ya karɓi na biyu.

"Yanzu fa," ta ce a hankali, "yanzu-yanzun nan, me kake gani?"

"Kin kurmance ne? Fararen layuka, ga su nan sun fantsama ko'ina daga bakin ramin, kamar an saki buhun gari daga saman bene. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau…"

"Kaka."

Ya tsaya. Ba ta kiransa haka. Rabon da ya ji wannan sunan a bakinta tun a barandar asibiti ranar da ubanta ya rasu, tana 'yar shekara tara, ta riƙe masa gefen riga.

"Kaka, watan ya fita daga madubin tun kana maganar tuddai."

"Ya fita ya je ina?"

"Duniya juyawa take yi. Madubin nan ba shi da inji. Ko minti biyu wata ba ya yi a ciki, sai an riƙa turawa da hannu ana bin sa. Ban taɓa shi ba tun da ka zauna. Babu komai a ciki sai sarari."

Ya ɗago kai a hankali. Shi da ya ci abinci da juyawar abubuwa, shi da ya san babu allurar da ke tsayawa don ana kallonta, wannan ne bai zo masa a rai ba. Ba a rubuta shi a takardun ba. Tela bai karanta masa ba.

"To, ai fuskarki ya leƙo ya gani ya gudu," ya ce. "Ban ga laifinsa ba."

Maganar ta faɗi a tsakaninsu, ba wanda ya ɗauka.

"Fararen layukan ma sai wata ya cika suke fitowa sosai," in ji ta. "Wa ya karanta maka?"

"Tela."

"Tun yaushe?"

"Karatun ko idon?"

"Idon."

"Wata huɗu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina ganin haske, ina ganin duhu. Ina ganin wani dogon abu marar fasali, in ce jikata ce."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne, Kaka."

"Ai na gani. Na wata kilomita huɗu, nawa ko minti biyu bai kai ba."

Ta yi wani sauti, tsakanin dariya da abin da ba dariya ba. Ya ji ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta jingina da bulon.

"Shi ke nan. Ba za ni ba."

"Za ki."

"Na faɗa maka tun farko."

"Ni ne mijin ko ke? Na sake ki. Saki uku, har da na gyara. Tattara kayanki ki tafi wata."

"Bar wasan nan. Wa zai sauko da kai daga benen nan? Wa zai duba maka ko gas a kashe yake? Ranar da ka taka inda babu matakala fa? In zauna a can ina auna ramin da ya shekara miliyan ɗari takwas yana jira, kai kuma…" Ba ta ƙarasa ba. "Zai iya ƙara jira."

Iska ta motsa igiyoyin shanya, wani maƙalin kaya ya yi ƙara. Can sai ya ce, da wata murya daban:

"Mako biyu ina haddar abin nan kamar ɗan makaranta, har yau ban san kamanninsa ba. Tunda kin tona ni, ai sai ki biya. Nuna min shi."

Sannan ya ji ta miƙe, ta jawo kwanon kwaɓa siminti da magina suka bari, ta cika shi da yashi, ta yayyafa ruwan bokiti, ta shafe saman da gefen hannu. Ta ajiye a gabansa.

"Taɓa. Ka ji sumul?"

"Kamar kanki ta ciki."

"Janye hannu."

Tim. Dutse ta saki a tsakiyar kwanon, yashi ya fantsamo masa a ƙafa. Ta cire dutsen, ta kamo yatsunsa ta ɗora.

"Ga bakin. Ka ji ya fi filin tudu? Abin da ya fito daga ciki ne ya taru a nan. Bi ta nan. Wannan gangaren na waje, a hankali yake sauka. Na ciki kuma a tsaye." Ta ja ɗan yatsanta a jikin bangon sau uku. "Ga matakalar da ka ce ta fi tamu gyara. Ga gindin. Bari in yi maka tuddan." Ta tsuke yashi a tsakiya, kai uku. "Waɗannan 'yan ɓurɓushin da ka ji a nesa, su ne abin da ya fantsama. Wasu da suka faɗo sai suka huda nasu ƙananan ramukan, a jere kamar sawun ɗinki."

Yatsun Mai Agogo suka zagaya bakin sau ɗaya, suka sauka daki-daki, suka tsaya a kan tuddan. Yatsun da suka san bambancin gashin agogo, siririyar wayar nan ta cikinsa, mai lafiya da mai ciwo. Ya daɗe a haka. Abin da Tela ya yi mako biyu yana zuba masa a kunne, sai yanzu ya tashi tsaye ya zama wuri.

"Ashe kyakkyawa ne," ya ce.

"Kyakkyawa ne."

"Kuma duk shekarun nan bai cike ba?"

"Babu iska a can, babu ruwan sama. Abin da ya daki wata, tabon na nan. Sai dai wani dukan ya zo a kansa."

"To ai ba wata kaɗai ba." Ya bar hannunsa a cikin ramin. "Da ubanki ya rasu, kowa ya zo gaisuwa sai ya ce min lokaci zai rufe. Ni suke gaya wa lokaci. Na buɗe cikinsa sau dubu nawa, ban ga inda yake rufe komai ba. Zagayawa kawai yake."

Ya juyo da fuska wajenta.

"Akwai abin da ba ki sani ba. Ubanki ma ya taɓa samun takarda irin taki. Karatun gina gada, a wata ƙasa. Lokacin kakarki na kwance. Ban ce masa kada ya tafi ba. Ban kuma ce ya tafi ba. Na yi shiru, ya fahimci shirun. Ya ninke takardar ya sa a cikin littafi. Kakarki ba ta ƙara shekara ba ta tafi abinta, shi kuma ya zauna a teburin ofis yana buga hatimi har ranar da Allah ya karɓe shi. Bai taɓa ce min uffan ba. Amma in muka hau gada a mota, sai in ga ya juyar da kai yana kallon ƙarafan." Ya goge yashin a gwiwarsa. "Na ci burin mutum ɗaya, Tsinke. Ba zan ci na mutum biyu ba."

Ya ji numfashinta ya sarƙe. Ya miƙa hannu ya sami kanta a inda ya zata, ya dafa. Suka zauna a haka har fitilun titi suka kama, wanda shi ya gani kamar an ɗan ɗaga labulen.

Ita ta fara magana, hancinta a toshe.

"To ka koma gidan Goggo."

"Allah ya kiyaye."

"Gidan ƙasa ne, ba matakala. Shekara uku tana roƙonka."

"Gidan 'yata? In zauna ina cin abincin suruki? Mutumin da in ya fara labarin yadda ya sayi motarsa, sai ka yi aski biyu bai kai ga biyan kuɗi ba?"

"Ai ka huta, kunne kawai zai ci maka."

"Ga 'ya'yanta biyar kamar an kwance awaki."

"Su ja ka zuwa masallaci, su ja ka zuwa wurin Tela. Amarya ma ga ƙaramarsu nan, 'yar shekara huɗu, ta fi ni haƙuri da tsofaffi."

"Wannan mai cizon?"

"Daidai kai. Ba ka da abin ramawa."

Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ɗakin da ke ƙarƙashinsu ne ya zo masa: tagar da marigayiya matarsa ke ajiye tabarau ɗinta, ƙusar da ɗansa ya kafa a karkace yana ɗan shekara goma, wadda har yau ba a gyara ba. A ɗakin nan kaɗai yake da ido, domin a nan ne kaɗai ya san inda komai yake. A gidan 'yarsa zai zama makaho na sosai, mai jiran a kama masa hannu.

"In ban koma ba fa?"

"In yaga takardar a gabanka, ka ji ƙararta."

Da waccan muryar ta faɗa, wadda ba ta wasa ba.

"Kin gado taurin kan kakarki."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Da agogaina zan tafi. Duk goma sha taran."

"Goggo za ta haukace. Biyar."

"Sha biyu, har da mai tari."

"Bakwai, mai tarin a baranda."

"Azzaluma. Allah ya haɗa ki da miji mai minshari." Ya sauke numfashi mai tsawo, sai ga dariyar ta fito, gajera, a bushe. "Kin ci. Kira ta gobe, ta zo da surukin da motarsa mai tarihi."

Ya kwance agogon da ke hannunsa, wanda fatarsa ta yi laushi don daɗewa.

"Miƙo tsinken hannun nan."

Ya ɗaura mata da lalube. Ko a hudar ƙarshe sai da ya yi mata yawa.

"Ba na batir ba ne. Kullum da safe ki murɗa shi sau ashirin, kada ki wuce. In kin sauka can za su ce ki gyara lokaci ya dace da nasu. Kada ki taɓa min shi. Bar shi a lokacin gida."

"Don me?"

"Don in ya nuna bakwai na safe, ki san na gama shan shayi na fara zaginki."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta ɗinke ta da ƙyar.

"Ka ci, Ango. Zan sa hannu."

"Ba alkawari nake so ba, sa hannun nake so. Yanzu, a gabana. Na san tana cikin jakarki, tun ɗazu nake jin motsinta."

Ya ji zip ya buɗe. Ya ji ta shimfiɗa takardar a kan kwalin madubin, ta kunna fitilar waya, wani ɗan farin gajimare ya bayyana a gefen idonsa. Ya karkata kai, ya miƙa kunnen da ya fi ji. Biro ya taɓa takarda, ya yi 'yar tafiyarsa, bai fi bugun agogo uku ba, ya tsaya.

"Har yanzu rubutun naki kamar tonon kaza," in ji Mai Agogo. "Daga nan nake jin muninsa."